Littafin Bai Ce Citta Ba

"Ka ce littafi ne ya sa ka. Shi ke nan. Mene ne abin wahala a ciki?"

"Littafin bai ce citta ba, Oga."

"Wa zai buɗe ya duba? Baba Tagwai? Mutumin da ko sunansa da babban yatsa yake dangwala shi a takarda?"

Hedimasta Dogara ya daki tebur da tafin hannu. Littafin jagorar malami na kwance a tsakaninsu, koren bangonsa ya dafe da dauɗar hannu, bakin shafukan duk jar ƙasa. Ikechi, malamin aji shida, yana tsaye. Tun da ya shigo ofis ba a ce masa ya zauna ba.

"Wake ya ce," in ji Ikechi. "Wake ko masara, a gwangwani. Mu muka mai da shi citta."

"Ku wa? Kai da yara masu majina a hanci? Saurara ka ji. Ranar Asabar iyayen yara za su cika ajin can. Gonakinsu sun ruɓe tas. Ba labarin wake za su zo ji ba, wanda za su tsine wa suke nema. In ka ce littafin gwamnati ne, su tsine wa gwamnati su koma gida. Gwamnati ta saba, ba ta jin zafi. In kuwa ka ce kai ne, kai ɗan kwatas ɗin reluwe da bai taɓa riƙe fartanya ba sai bara..."

"Sai me?"

"Sai in rubuta wa ofishin ilimi da hannuna a yi maka transfa. Gara a ɗauke ka da takarda da a ɗauke ka a kwance."

Ikechi ya miƙa hannu zai ɗauki littafin. Dogara ya dafe shi.

"Bar shi nan."

"Ina da darasi."

"Kana da alli."

Suka dubi juna. Can sai Dogara ya janye hannu ya jingina da kujera, tsufansa ya fito fili. Shi ma gonarsa ta ruɓe. Kowa a makarantar ya sani, ba wanda ya yi masa jaje a gaban mutane.

"Ɗauka," ya ce. "Zuwa Asabar. Ɗana, ba ƙinka nake yi ba. In kana son ajin nan, ka san abin da za ka faɗa."

Ikechi bai taso da son koyarwa ba. A kwatas ɗin reluwe na Kafanchan aka haife shi, lokacin da jirage suka riga suka fara ɗauke ƙafa. Babansa makanikin jirgi ne, ya ƙare kwanakinsa a kan benci a ƙofar gida yana kallon ciyawa tana cinye layin dogo. Shi kuma ya tafi kwalejin horar da malamai ta Gidan Waya don can kaɗai aka ɗauke shi. Da aka turo shi wannan ƙauye na bayan Kagoma, sai ya yi abin da aka yi masa yana yaro. Ya juya wa yara baya, ya cika allo da rubutu, ya ce su kwafa. Wanda bai gama ba, bulala. Ana kaɗa ƙararrawar tashi ya haye mashin ɗinsa ya koma gari. Shekaru suka wuce a haka, bai san muryar rabin ajinsa ba.

Sai aka kira su bita a Kafanchan, aka raba wa kowane malami littafin nan. Dogara ya kulle nasa a kabad, wai kada ya lalace. Malama Rabi'a ta aji uku, 'yar gidan masu sayar da hatsi a bakin kasuwar Kafanchan, takan kwafe abin da ke ciki a takardar shirin darasi don sufeto ya gani, sannan ta shiga aji ta yi yadda ta saba. Ikechi kuwa lalaci ne ya sa ya buɗe nasa. Komai an rubuta: abin da malami zai ce, inda zai tsaya, abin da zai riƙe a hannu. Ya ga ya huta da tunani.

Ranar farko ya ɗaga littafin ya rufe fuskarsa da shi, yana karantawa kamar mai karatun nassi a coci. Ya karanta tambaya: me ya sa ƙasar gindin bishiya ta fi ta fili baƙi? Ya zarce ya karanta layin da ke ƙasa da ƙarfi, bai lura cewa wannan nasa ne shi kaɗai ba.

"Yanzu malami ya yi shiru."

Yara suka amsa baki ɗaya, yadda suka saba: "Yanzu malami ya yi shiru!"

Kunya ta kama shi. Ya yi shirun, don ya rasa abin cewa. Shirun ya yi tsawo har ana jin akuya tana taunar wani abu a bayan taga. Yara na kallonsa suna jiran bulala. Sai wata siririyar yarinya a bencin baya, wadda bai ma tabbatar da sunanta ba, ta ce a hankali, "Ganye ne yana ruɓa a wurin."

Doreen ce, 'yar Baba Tagwai.

Ba wai daga ranar ya zama wani mutum dabam ba. Abin a hankali ya shige shi, shafi bayan shafi. Littafin ya ce a ja bencina a yi da'ira, ya ja. Ya ce malami ya zauna cikin yara, ya zauna, gwiwoyinsa har ƙirji. Shirun bayan tambaya ya fi komai ba shi wuya, bakinsa yana ƙaiƙayin ya faɗi amsa a wuce wurin. Akwai kuma inda aka rubuta cewa in ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, ku nema tare. Wannan ya daɗe yana tsallake shi. Ranar da ya fara furta "ban sani ba" a gaban yara, sai da rigarsa ta jiƙe da zufa. Ba wanda ya yi dariya. Bulalarsa ta ɓata a cikin watannin nan, ko wani ne ya sace ko ta faɗa bayan kabad, bai nemi wata ba.

Sannu-sannu littafin ya sauka daga fuskarsa ya koma kan tebur. Daga nan ya fara musu da shi. Inda aka ce a kai yara su ga famfo, ya kai su rafi. Inda aka ce a yanka kwali mai launi, ya sa suka kawo ganyen mangwaro. Yana rubutawa da fensir a gefen shafi: wannan ba zai yi a nan ba. In zai koma gida sai ya cusa littafin cikin riga don kada ruwa ya taɓa shi. Rabi'a takan ce, "Ga fasto nan da Baibul ɗinsa."

Bara, lokacin ajin nasa suna aji huɗu, suka iso darasin shuka. Ya karanta shi a gida. Kowane yaro ya kawo wake ko masara, a zuba duka a kwano ɗaya don kada wani ya ce nasa ya fi, a shuka a gwangwani, a riƙa dubawa. Ya yi tsaki. Wake a gwangwani, a garin da citta ce ke sa kwano a rufin gida, ita ke sayen mashin, ita ke kai yaro sakandare? Washegari ya shiga aji ya bar littafin a rufe. Bai gaya musu maganar wake ba. Ya zauna a bencinsu ya yi tambayar da ba wanda ya rubuta masa, ta farko a rayuwarsa.

"Za mu yi gona. Me kuke so mu shuka?"

Ya yi shiru ya jira.

"Citta, Malam," in ji Doreen.

Ajin ya ɗauka da ihu.

Abin da bai sani ba shi ne, a ƙauyen nan mutum ba ya haɗa irin cittarsa da na wani. Kowane gida da nasa, daga uba zuwa ɗa, ana tara shi a inuwa a rufe da ciyawa har damina ta zo, ko ɗan'uwa ba a so ya sa hannu. Yaran sun sani, amma Malam ya ce a kawo. Wasu uwayensu mata suka ba su, wasu suka zara a ɓoye. Ya zuba duka a babban baho ya cakuɗa da hannunsa, yadda littafin ya ce a yi da wake.

Suka share filin bayan aji. Yaran ne suka nuna masa yadda ake karya citta a bar mata ido, da yadda ake shimfiɗa ciyawa a kai bayan an shuka. Shi kuma ya koya musu awon tsawon ganye da igiya, da zana shi a takarda. Ko da hutu sukan zo su duba. Yaron da bai taɓa iya haɗa lamba biyu ba ya koyi lissafi a kan layukan gonar nan.

Da kaka suka tona. Citta ta yi ƙiba, kamar hannun babban mutum. Sai dai a kusurwa ɗaya, wajen da ruwan rufi ke zuba, an samu waɗanda suka yi laushi suna ɗan wari. Doreen ta ɗaga ɗaya.

"Malam, me ya same shi?"

"Ban sani ba," ya ce, a lokacin kalmar ta riga ta yi masa sauƙi a baki. "Ku zubar da waɗannan."

Suka zubar, suka wanke sauran a bahon nan ɗaya. Littafin bai ce komai a kan girbi ba, don wake a gwangwani ba ya kaiwa girbi. Shi ya yanke shawara a raba, kowane yaro ya kai gida. Iyaye suka ga irin da ya fi nasu kyau, suka manta da maganar haɗa iri. Baba Tagwai da kansa ya zo makaranta ya ɗaure masa doya a bayan mashin, ya ce a tsakiyar babbar gonarsa zai shuka na Doreen.

Bana, tsakiyar damina, ganye ya fara rawaya. Daga rawaya ya kwanta. In an tona sai a tarar da ruwa da wari. Kafin a dawo daga dogon hutu babu gonar da ta tsira, kuma magana ta riga ta zaga gari cewa daga irin makaranta ciwon ya fito.

Da ya fita daga ofishin Dogara ya shiga aji, bencina fiye da rabi babu kowa. Iyaye sun riƙe yaransu sai an yi mitin. Doreen ma ba ta zo ba. Ya buɗe littafin ya yi darasi da waɗanda suka zo. Ya yi tambaya, ya jira. Ba wanda ya ɗaga kai.

Lokacin tara Rabi'a ta same shi a gindin mangwaro.

"Ya kuka ƙare da Oga?"

"Wai in ce littafi ne."

"To ka ce mana. Littafi yana da mata ne ko 'ya'ya?"

"Ƙarya ce."

"Ikechi, yayana Musbahu citta yake saye tun kafin a haife ni. Ya je Kwoi, ya je Kachia, ya dawo da buhunansa a naɗe. Can ma kai ka je ka cakuɗa musu?"

"Na sani."

"To?"

"Akwai waɗanda suka yi laushi a gonarmu. Tun bara. Na wanke sauran a baho ɗaya, na raba."

Ta dube shi, ta dubi bayanta.

"Wannan ko ni ban ji ba. Ka haɗiye shi." Ta gyara mayafi. "Ai tun farko na gaya maka. A kwafa, a nuna wa sufeto, a rufe. Ni wa ya taɓa kirana mitin? Kai ka ɗauki abin kamar da gaske suke."

"Yaran suna magana yanzu, Malama."

"Yau sun yi?"

Ya juya ya koma aji.

Hanyar Kafanchan ta gefen gonar Baba Tagwai ta bi. Da aka tashi ya yi niyyar wucewa da gudu, amma dattijon na tsaye a bakin hanya, sai ya taka birki. Gonar ta kwanta gaba ɗaya, launin tsohuwar tabarma. Wari ya cika wurin.

"Sannu da aiki, Baba."

"Wani aiki?"

Baba Tagwai ya sunkuya ya tuge guda, ya matse ta a hannu. Ruwa mai kauri ya bi ta tsakanin yatsunsa. Ya miƙa wa Ikechi, sai da ya karɓa.

"Daga nan ya fara," ya ce, ya nuna tsakiyar gonar da haɓa. "Wurin na makaranta."

Ikechi ya duba. Tsakiya da gefe duk ɗaya suke a idonsa. Babu yadda mutum zai gane inda abu ya fara.

"An ce har Kachia haka ne, Baba."

"Ni ban da gona a Kachia." Ya goge hannu a wando. "Doreen ba ya cin abinci. Yana ta kuka, wai shi ne ya kawo mana ciwo a gida. Na ce masa yaro ba shi da laifi, abin da babba ya sa shi ne ya yi. Ko ba haka ba, Malam?"

"Haka ne, Baba."

"Asabar zan tambaye ka a gaban mutane. Ka je ka yi tunani."

Ya ja mashin. A hanya wata dabara ta zo masa, tsaf da ita, kamar an goge ta. In ya faɗi gaskiya duka, dole ya ce ya tambayi yara, dole a tambayi wa ya fara cewa citta, maganar ta faɗa kan yarinyar. Ke nan in ya ɗora wa littafi, ita ya kare. Ya riƙe wannan tunani har ya wuce Kagoma. Kafin ya iso layin dogo ya riga ya gane cewa ba gaskiya ba ne. Zai iya cewa ni ne, ya tsaya a nan, ba tare da ya kira sunan kowa ba. Abin da yake tsoro shi ne wata makaranta, wasu yara da ba su san shi ba, allo, da bayansa a juye. Ko kuma benci a ƙofar gida, kamar babansa. Ya ga ruɓaɓɓiyar cittar har yanzu tana hannunsa na hagu, manne da kan mashin. Ya yar da ita a kan dogo.

Ranar Asabar da hantsi ajin ya cika har ƙofa. Maza a kan bencin yara, mata a tsaye a bango da goyo, yara kuma a waje sun liƙe a tagogi. Wani dattijon coci ya buɗe da addu'a, ya roƙi Ubangiji ya ba su haƙurin Ayuba. Rabi'a ta zauna can gefe tana kallon farcenta. Dogara ya yi doguwar magana a kan damina, da gwamnati, da yadda shi ma abin ya shafe shi. Ba wanda ya saurara.

Baba Tagwai ya miƙe, hularsa a hannu.

"Ni tambaya na ɗaya ne. Malam, maganan cittan nan, daga kan ka ne ya fito, ko an rubuta maka?"

Ikechi ya tashi da littafin. Ya ji kansa yana jira, yadda ya saba bayan tambaya, sai ya tuna wannan karon shi ake jira. Ya hango Doreen a taga ta biyu, ta ɗora haɓa a kan katako. Ta rame.

Bai san lokacin da hannunsa ya ɗaga littafin ba. Ya dai ga koren bangon ya shiga tsakaninsa da mutane, kamar ranar farko.

"An rubuta," ya ce. "Ni abin da ke ciki nake bi. Ba na ƙarawa, ba na ragewa."

Hayaniya ta tashi.

"Waɗanda suka rubuta, sun taɓa ganin citta a gona?"

"Suna zaune a Kaduna cikin sanyin iyakwandishan!"

"Allah ya isa!"

"Ashe rediyo aka kawo mana, ba malami ba," in ji wata mata, aka yi dariya mai ɗaci.

Sai wani saurayi daga baya, Valentine, wanda ya dawo daga Sabon Tasha don ya taya babansa noman da bai yi ba, ya ɗaga murya.

"A karanta mana wurin mu ji."

Dogara ya miƙo hannu ya zare littafin daga hannun Ikechi, ya sa tabarau, ya lashi yatsa, ya buɗe shafin ba gaggawa. Ya karanta Turancin da sauri, sannan ya fassara da Hausa a hankali. Kowane yaro ya kawo iri daga gida. A zuba duka a kwano ɗaya. A cakuɗa. Inda aka ce wake ko masara, ya ce citta, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ya rufe littafin ya sa shi a hammata.

"Kun ji dai."

Sun ji. Daga nan abin bai daɗe ba. Aka yanke cewa a kulle littattafan nan duka, kada a sake ganin ko ɗaya a aji. A ƙone ciyawar filin bayan aji, kada a sake shuka komai a wurin. Yara su zauna a layi su fuskanci allo yadda aka san makaranta, a daina wannan zaman da'ira kamar masu shan burkutu. Malami kuma ya koyar da abin da ya sani, ya daina tambayar yara abin da aka biya shi ya faɗa musu. Malam Ikechi ya ci gaba da ajinsa, tunda bawan umarni ne.

Da za a fita Baba Tagwai ya zo ya ba shi hannu.

"Ka yi haƙuri, Malam. Da na ɗauka kai ne."

Ikechi ya duba taga. Babu kowa a wurin.

A ofis Dogara ya buɗe kabad. Nasa littafin na nan inda ya ajiye shi tun ranar bita, gara ta cinye shi daga ciki, saura bango. Ya ɗora na Ikechi a kai, ya mai da kwaɗo ya datse.

"Ka gani? Ba wanda ya mutu."

"Oga, in da Valentine ya karɓa ya duba da kansa fa?"

"Bai karɓa ba. Je ka gida ka ci abinci."

Ranar Litinin aji ya cika maƙil, har waɗanda suka daɗe ba su zuwa. An riga an jera bencina layi-layi kafin ya iso. Ta taga ana ganin filin baya ya yi baƙi, hayaƙi na ɗan tashi daga wuri ɗaya. A kan teburinsa wani uba ya aiko da sabuwar bulala, ɗanya, an fere ta da kyau.

Yara suka miƙe suka gaishe shi baki ɗaya. Ya ce su zauna. Ya ciro tsohon littafin rubutunsa na kwaleji, wanda ya yi shekaru yana kwafa wa yara daga ciki, ya juya musu baya. Hannunsa bai manta ba. Alli ya kama tafiya a kan allo, layi bayan layi, a bayansa kuma ba abin da ake ji sai ƙarar fensir da jan hanci. Ya cika rabin allo. Ya ji sauƙin abin, sauƙin ya ba shi tsoro.

Allin ya karye. Ya juyo zai ɗauki wani, sai ya ga hannu a sama, a bencin baya.

"Ku kwafa," ya ce.

Ya koma ga allo, ya rubuta layi biyu. Da ya sake juyowa hannun na nan, ta tallafe gwiwar da ɗaya hannun don ya gaji. Sauran yaran sun daina rubutu. Wasu na kallonta, wasu na kallon bulala.

"Mene ne, Doreen?"

Ta miƙe tsaye. Ba ta dubi ƙasa ba, shi ya koya mata kada ta riƙa duban ƙasa in za ta yi magana.

"Malam, ranan da ka zauna a bencinmu ka ce me muke so mu shuka, ka yi shiru kana jiran mu. Da ma littafin ya riga ya gaya maka amsan?"